Ƙwallon Dabino Huɗu

Shekara ashirin da bakwai na yi a ɗakin kati na wani asibiti a Suleja, kuma ban taɓa ɗora abin awo a ƙirjin kowa ba. Aikina shi ne in buɗe wa mara lafiya fayil, in ba shi lamba, in fito da shi ranar da ya dawo, in mayar da shi mazauninsa idan an gama. Amma wanda ya daɗe yana ɗaukar fayil yakan gane cuta daga nauyinta a hannu. Na zazzaɓin cizon sauro siriri ne, takarda biyu ko uku. Na masu hawan jini yana kauri sannu a hankali, yana tsufa tare da mai shi. Akwai kuma wani iri da na fi ƙi a cikinsu duka: wanda aka buɗe tun mai shi yana firamare, ya yi ta kumbura shekara bayan shekara har sai an ɗaure shi da zare, sa'an nan wata rana, mai shi bai cika talatin ba, a daina zuwa nemansa. Da yawansu mata ne, kuma takardar ƙarshe daga ɗakin haihuwa take fitowa.

Wani likita da ya yi karatu a Turai ya dawo gida, shi ne ya fara yi mini bayanin abin da nake ɗauka. Ya ce abin yana farawa ne daga ciwon maƙogwaro, irin wanda kowane yaro yake yi. Idan wata ƙwayar cuta ce ta kawo shi, kuma ba a kashe ta da magani ba, jikin wasu yara yakan tashi yaƙi da ita har ya rasa gane abokin gaba, ya koma yana cin gaɓoɓinsa da 'yan ƙofofin da ke cikin zuciya, waɗanda suke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo. Gaɓoɓin sukan warke. Ƙofofin ba sa warkewa. Kuma duk lokacin da ƙwayar ta sake shiga, sai ta ƙara ɓarna a kan ta da.

"Malam, ka san abin da yake ƙona mini rai?" in ji shi. "Duk zamana a can, sau ɗaya na ga wannan ciwo, a jikin wata tsohuwa da ta kamu tun tana yarinya. Har kiran mu aka yi, mu ɗalibai, mu zo mu saurari ƙirjinta, wai don ba lalle ne mu sake jin irinsa ba." Sai ya dafa tarin fayilolin da ke kan teburina.

Wannan magana ta zauna mini. Ba cuta ba ce da aka rasa maganinta. Maganinta ya girme ni. A can an rage cunkoson yara a ɗaki ɗaya, kuma yaro yana cewa maƙogwaronsa na ciwo za a duba shi. A nan kuwa, tafiyar ƙasa da sa'a guda daga babban birnin ƙasa, iyalai suna cusa 'ya'ya shida a ɗakin haya guda saboda uban yana sammakon zuwa Abuja aiki, kuma ba wanda ya taɓa gaya wa uwa cewa tsakanin maƙogwaro da zuciya akwai hanya. Na yi fushi a lokacin, kuma har yau ban huce ba. Sai dai fushin nawa ya fara sauka a kan wadda ba ta cancanta ba.

Yayata ce, wadda nake bi. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, kuma waina take toyawa a bakin tashar mota, tana sayar wa ma'aikatan da ke jiran motar Abuja da sassafe. Ba ta yi boko ba. Ni aka zaɓa aka kai makaranta a gidanmu, ita kuma ta yi ta wanke mini kayan makarantar. Tun daga lokacin take kira na Mai Takarda, kuma ba ta daina ba.

'Yarta tana da shekara tara lokacin da maƙogwaro ya matsa mata, ya tafi ya dawo, har ta kasa haɗiyar koko. Yaya ta yi abin da uwarmu ta yi mana, wanda ita ma uwarta ta yi mata: ta kai ta wajen wanzamin unguwa ya cire mata belu, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, wanda mutanenmu suke ɗora wa laifin kowane ciwon wuya. Ciwon ya lafa bayan 'yan kwanaki, kamar yadda zai lafa ko da ba a taɓa ta ba, aka yi wa wanzami godiya. Bayan kamar sati uku sai gwiwar yarinyar ta kumbura, ta yi zafi. Kafin a gama shafa mata man zafi, kumburin ya bar gwiwa ya koma idon sawu, daga nan ya hau gwiwar hannu. Maƙwabta suka ce sanyi ne. Sai da ta fara haki daga ɗaki zuwa bakin rijiya sa'an nan aka aiko mini.

Da hannuna na buɗe mata fayil. Likitan nan ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, ya juya ta hagu, ya sake saurare. Ya ce ciwon ya taɓa ƙofa ɗaya, tana ɗan yoyo, amma ba ta lalace ba tukuna. Abin da ya rage shi ne kada ƙwayar ta sake samun hanya. Ya ce za a riƙa yi mata allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, duk sati huɗu, ba fashi, shekaru masu yawa, har ta girma, watakila ma fiye da haka. Idan aka yi sakaci ciwon ya dawo, to maganar za ta koma ta fiɗar zuciya, wadda shi da mu duka mun san ba ta cikin ikonmu.

A farfajiyar asibitin, gaban mutane, na faɗa wa yayata maganar da nake jin kunyarta har gobe. Na ce jahilci ne ya jawo, na ce tana da ƙane a asibiti amma ta zaɓi aska. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara wa yarinyar ɗankwali, ta ce, "Kai ma an cire maka, Mai Takarda, ni na riƙe maka ƙafa. Shekara nawa kana aiki a nan? Ka taɓa zuwa ka ce mini, Yaya, an gano abin nan ba shi da amfani?"

Ban taɓa ba. Amma maimakon in amsa, sai na ce daga yau ni zan kula da lissafin allurar.

Na koma ofis na samu farin kati mai kauri, na sa rula na ja layi, na raba shi gida goma sha biyu, kowane wata da gidansa. An yi allurar farko ranar Juma'a, wadda ta zo daidai da farkon wata, don haka na rubuta ɗaya ga kowane wata a cikin gidajen, da jan biro. A kaina, sati huɗu wata ne. Haka duk ma'aikacin gwamnati yake ƙirga rayuwarsa, daga albashi zuwa albashi, kuma ban tsaya na yi tunani a kai ba ko na minti ɗaya. Na kai mata katin na kafa shi da ƙusa a bangon ɗakinta. Ta dube shi ta ce ya yi kyau.

Ita kuwa ashe ta yi nata shirin. A kan kantar ɗakinta akwai ƙananan langa guda biyu, kwanukan nan masu marfi, ɗaya fara ɗaya koriya. Ta wanke ƙwallon dabino huɗu ta zuba a farar. Kowace Juma'a, idan ta dawo daga tasha ta wanke tanda, sai ta ɗauki ƙwallo ɗaya ta mayar cikin koriyar. Ranar da ta ɗauki na huɗu, farar ta zama wayam, ranar allura ke nan: ta yi wa yarinyar wanka, su hau keke napep su nufi asibiti. Idan sun dawo ta juye su duka cikin farar, a sake farawa. Ba ta san sunayen watannin Turawa ba, amma ba a taɓa yin Juma'ar da ta shige mata ba, domin ranar ce take ƙara ƙullu saboda masu fitowa daga masallaci.

Da yake fayil ɗin ta hannuna yake wucewa, na lura tun a wata na biyu cewa sun riga ranar katina da kwana biyu ko uku. Na ce ɗoki ne na uwa. A wata na huɗu tazarar ta wuce sati. Kafin wata na bakwai, sun riga ni da fiye da sati biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tabbata a zuciyata cewa tana ɗura wa yarinya magani fiye da ƙima, kuma ma'aikatan ɗakin allura suna biye mata don ba su duba katina ba.

Na je gidanta ranar wata Alhamis da la'asar. Tana tsakar gida tana wanke shinkafar ƙullu. Na cire katin daga bango na nuna mata, na ce gobe ba za a je ba, sai ɗaya ga wata mai zuwa, saura kwana goma sha takwas. Na yi maganar a matsayin namijin da ya rage a gidanmu, kuma na so ta ji haka.

"Likita cewa ya yi sati huɗu," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Sati huɗu ai shi ne wata, Yaya."

"To ni ban sani ba. Ni dai Juma'a huɗu na ji, kuma gobe ta huɗu."

"Ga shi a rubuce!"

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

"To, ka gani." Ta tsiyaye ruwan shinkafar. "Kai ka je ka tambayi takardarka ko ita ce za ta yi haki idan ciwon ya dawo."

Yarinyar tana bakin ƙofa tana jin mu. Allurar nan tana da kauri kamar kunu, kuma tana da zafi ƙwarai. Takan yi kwana biyu tana ɗingishi bayanta. Sai ta ce, a hankali, "Inna, ai Kawu ya fi mu sani. A bari sai ɗaya ga wata." Wannan ne karo na farko da na ga fuskar yayata ta canja. Ba ni ta kalla ba, 'yarta ta kalla, ta ga yadda na ba ta mafaka. Ta ce, "Gobe da safe mu uku za mu tafi. Idan Sista ta ce kawunki ne da gaskiya, zan zubar da dabinon a kwata."

Sista ita ce shugabar ɗakin allura, 'yar ƙabilar Gbagyi daga wajen Diko, mace mai jiki da murya, wadda ta girme ni a aiki. Oga Rekod take kira na, wato shugaban ɗakin kati. Na shimfiɗa mata katina a tebur da cikakken tabbaci, na bayyana mata tazarar kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Yaya kuma ta kwance bakin zanenta ta ajiye ƙwallon dabino huɗu kusa da katin.

Sista ta sa tabarau ta dubi katin, ta dubi ƙwallayen, sai ta fashe da dariya har tana dafa tebur.

"Oga Rekod! Sati nawa ne a shekara?"

"Hamsin da biyu."

"Raba shi huɗu-huɗu."

Na raba. Goma sha uku. Katina gida goma sha biyu ne.

"Kai albashi kake ƙirgawa," in ji ta. "Maganin nan bai san ɗaya ga wata ba. Yana shiga jiki, yana raguwa kullum, kafin sati huɗu ya kusa ƙarewa. Kwana biyun nan, kwana ukun nan da kake ƙarawa, ƙofa ce ka bari a buɗe. Yanzu kuma kana so ka bar ta a buɗe kwana goma sha bakwai? A makarantar da yara suke tari a fuskar juna?" Ta juya ga Yaya. "Mama, wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa. Tsoro ne."

"To Allah ya ƙara miki irin wannan tsoro. Ke kuma, 'yan mata, zo nan, kwanta. Kawunki zai riƙe miki hannu, tunda yau ba shi da aikin yi."

Na riƙe hannun. Ta matse yatsuna har suka yi fari, ba ta yi kuka ba. Ni ne na kasa kallon allurar. A hanyar fita Yaya ta tsince ƙwallayenta ta ɗaure, ta tambaye ni ko na karya kumallo.

Abin da ya fi girgiza ni, da na koma ofis, shi ne tunanin sauran fayilolin. Na ciro na duk masu wannan allura na bi kwanakinsu. Da yawa daga cikinsu irin kuskurena suke yi, wasu ma sun fi ni: a zo wannan wata, a tsallake na gaba, a dawo bayan kumburi ya tashi. Mu da kanmu a bakin tagar kati muna ce musu, "Sai wata mai zuwa." Daga ranar na hana kaina da abokan aikina faɗin haka. Muka koma ƙirga sati huɗu a kalanda muna faɗa wa mutum ranarsa, kuma idan uwa ce da ba ta karatu, Sista takan ce mata ta nemi ƙwallon dabino huɗu, ko tsakuwa, ko wake.

Shekara goma sha huɗu yayata ta yi tana wannan ƙirga, kuma ina da shaidar kowace allura a rubuce, da sa hannun wanda ya yi ta. Babu gurbi ko ɗaya. An yi lokacin da maganin ya yanke a gari. Tun tana da ƙwallo uku a farar langa ta fara bin kemis-kemis, ta rufe tandarta kwana biyu, ta hau motar da ta saba sayar wa fasinjojinta waina, ta samo shi a Abuja. An yi shekarar da ta lissafa tun da wuri cewa Juma'a ta huɗu za ta iya faɗawa ranar Sallah, ta je ta shaida wa Sista, wadda dama ita take karɓar aiki a irin ranar don abokan aikinta Musulmi su huta. Yarinyar ta sha allurarta cikin sabon ɗinki, Sista kuma ta ci tuwon Sallah a kan teburinta. Da yarinyar ta kai shekara goma sha biyar ta fara gardama, tana cewa ita lafiyarta lau, ƙawayenta ba wanda ake tsira wa allura, Yaya ba ta doke ta ba. Ta miƙa mata langa biyun ta ce daga yau ita za ta riƙa ɗaukar ƙwallon da hannunta, ita dai za ta tsaya tana kallo. Ban san dalili ba, amma gardamar ta mutu daga nan.

Akwai kuma abin da ta yi wanda ni, da duk fushina, ban taɓa tunanin yi ba. Ta koma wajen wanzamin. Ba faɗa ta je yi ba. Ta kai masa waina ta gaishe shi, ta ba shi labarin abin da likita ya ce. Dattijo ne mai mutunci, shi ya yi wa rabin unguwar aski ranar suna. Ya ce mata shi aska ya gada, bai gaji abin sauraron ƙirji ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Ban ce ya bar sana'arsa ba. Amma na sha ganin uwa ta zo tagata da yaro mai zazzaɓi da ciwon wuya, in tambaye ta wa ya turo ta, ta ce wanzami ne ya ce a fara zuwa nan.

Da aka sa ranar auren yarinyar, lokacin ta gama karatun koyarwa tana aiki a wata firamare a Chaza, sai tsoron da na daɗe ina ɓoyewa ya fito fili. Na san daga wane ɗaki takardar ƙarshe take fitowa a irin waɗannan fayiloli. Na nemi takardar turawa, muka tafi Abuja mu uku aka yi mata hoton zuciya. Likitar da ta duba ta matashiya ce. Ta juya mana allon, muka ga ƙofar tana buɗewa tana rufewa kamar bakin ƙaramin kifi. Ta gwada da wani hoton da aka yi wa yarinyar shekarun baya, ta ce yoyon yana nan ɗan kaɗan, amma bai ƙaru ba. Ba a bukatar fiɗa. Ta ce da kulawar asibiti tun daga farkon ciki, tana sa ran zuciyar za ta iya ɗaukar haihuwa, amma allura ba za a daina ba tukuna. Sa'an nan ta buɗe kwafin takardun da na kawo, ta yi ta juya shafi, ta ce ba kasafai take ganin jerin kwanaki irin wannan ba, ba tsallake. Ta dube ni, da yake ni ne mai babbar riga da biro a aljihu, ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari."

Na ce mata ni rubutawa kawai na yi. Na nuna mata wadda ta yi aikin. Yaya tana can gefe tana share ido da bakin mayafi, tana tambayar 'yarta a hankali ko kifin nan da suka gani shi ne zuciyar.

A cikin motar dawowa na ba ta haƙuri a kan maganar da na faɗa mata a farfajiyar asibiti shekara goma sha huɗu da suka wuce. Ta ce ita ta manta, sa'an nan ta maimaita mini maganar kalma bayan kalma, muka yi dariya har direba ya waiwayo.

Ranar da ake jeren ɗakin amarya, mata suna ta gardamar inda za a sa manyan kwanuka masu ƙyalli, sai Yaya ta fito da tsofaffin langa biyun, fentinsu duk ya ɓare a baki, ta ajiye su a kan kanta, a gaba. Wata daga dangin ango ta ce a mayar da su baya kada su ɓata jere. Yaya ta ce a nan za su zauna. Ta sa aka kira angon har bakin ƙofa, yana sunkuyar da kai don kunyar suruka, ta buɗe masa farar langar ta nuna masa. Saura biyu a ciki.

"Ka ga waɗannan? Juma'a mai zuwa ta ɗauki ɗaya. Ta sama ta ɗauki ɗayan, ka kai ta asibiti da kanka. Ko kuna faɗa, ka kai ta, in kun dawo ku ci gaba."

Ya ce, "To, Inna."

"Idan kuma ka rikice a lissafi, ni za ka tambaya. Kada ka tambayi kawunta."

Fayil ɗin yarinyar yana nan a ɗakin kati, a layi na uku daga ƙasa. Kafin in yi ritaya na ɗauke shi sau ɗaya na auna a hannuna. Ya yi kauri, amma kaurin duk na takardun allura ne, shafi bayan shafi, goma sha uku a kowace shekara. Takarda ɗaya ce a ciki daga ɗakin haihuwa, kuma akwai wasu da yawa a bayanta.